Ciwon Sanyi: Cutar da Ke Kashe Aure a Kebbe da Tambuwal Ba a San Sunanta Ba

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙasarmu, daga Kebbe zuwa Kuchi, ko Tambuwal da Dogon Daji, ya san motar mai maganin gargajiya da lasifika ɗaure a bisa. Tun kafin rana ta take zai fara jero cututtukan da garin maganinsa ke kashewa, kuma ba ya rufe baki sai ya kai ga "sanyi": sanyin mara, sanyin ƙashi, sanyin da ke hana haihuwa, sanyin da ke rage wa maigida kuzari. Na tsaya kusa da ɗaya daga cikinsu a hutun da na je gida, na ga magidanta na miƙa kuɗi suna waige-waige, 'yan aike kuma na karɓar wa matan da ke cikin gida. Ban ga laifin masu saye ba, mai ciwo ai duk inda aka ce da magani can zai nufa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka tattara cututtuka iri-iri muka zuba a cikin kalma guda muka rufe, alhali a cikinsu akwai wadda ba ta da alama, ba ta da suna a harshenmu, kuma ita ce ke yi mana ɓarna a ɓoye. Likitoci na kiranta kilamidiya.

Ba haka kawai na ɗauki alƙalami a kan wannan magana ba. Ina da 'yar kawu da aka aurar tana budurwa, ta haihu a shekarar farko, daga nan shiru har shekara shida. Babu rubutun da ba ta sha ba, babu sassaƙen da ba a dafa mata ba, an yi hayaƙi, an yi sadaka. Da na ba da shawarar a kai ta asibiti, gwaggon mijin ta dube ni ta ce, "Ɗana, wanga abu ba na asibiti na ba, sammu na." Mijin ya ƙara aure, amarya ta haifi ɗaya, ita ma shiru. Daga baya aka saki uwargida a kan wata 'yar magana da kowa ya san ba ita ce dalili ba. Sai da ta dawo gida ne muka kai ta wani asibiti a Sakkwato, aka yi mata hoton da ake zuba ruwan gwaji a mahaifa, aka tarar bututun nan biyu da ƙwai ke bi duk sun toshe. Likitan ya ce wannan tabon tsohon ciwo ne da ba a magance ba, mafi yawa kilamidiya ko gonoriya, kuma yanzu babu mai iya cewa wanne ne daga ciki. Shi kuwa mijin, har yau babu wanda ya ce masa ya je a duba shi.

To, mece ce wannan cuta? Ƙwayar bakteriya ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma uwa na iya shafa wa jaririnta a wurin haihuwa. Ba a ɗaukar ta a masai ko banɗaki, duk da cewa wannan ita ce maganar da ta fi yawo a bakin mutane, har da waɗanda suka yi boko mai zurfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an sami sababbin kamuwa kusan miliyan 129 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, wato ta zarce gonoriya mai miliyan 82, ta kuma yi wa tunjere mai kimanin miliyan 7 nisa. Mafi yawan matan da ke ɗauke da ita ba su jin komai, haka ma maza da yawa. Wanda ya ji alama kuwa, ba ta wuce ɗan zafin fitsari, ko fitar wani ruwa, ko ciwon mara, ko ganin jini bayan saduwa ba, abubuwan da mace a wurinmu za ta daure ta ce zai wuce.

Zai wuce ɗin kuwa, a zahiri. Amma a wasu matan ƙwayar takan haura daga bakin mahaifa zuwa cikinta, ta kai ga bututun ƙwai, ta haddasa kumburi. Masana sun ƙiyasta cewa hakan na faruwa ga kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na matan da ba a yi wa magani ba. Idan kumburin ya lafa sai ya bar tabo, shi kuwa bututun nan hanya ce siririya ƙwarai, tabo kaɗan ya isa ya rufe ta. In ta rufe gaba ɗaya, haihuwa ta tsaya. In ta rufe rabi, ciki na iya shiga ya maƙale a cikin bututun, ya girma a can har ya fashe, jini ya zuba a cikin ciki. Mai karatu ya auna da kansa: mace a Ungushi ko Girkau da wannan ya same ta cikin dare, da damina, ga halin da hanyoyinmu ke ciki, ga fargabar 'yan bindiga, wace mota ce za ta kai ta inda za a yi mata tiyata kafin asuba? Kuma duk sanda aka sake kamuwa, haɗarin toshewar na ƙaruwa. Namiji ma ba ya tsira, domin takan kumbura masa maraina. Jaririn da ya shafo ta kuwa, idanunsa kan kumbura su riƙa zubar da mugunya a tsakanin kwana 5 zuwa 14 da haihuwa, wato daidai lokacin da hankalin gida ke kan suna, ko kuma ciwon huhu ya kama shi a watannin farko. Mu kuma a nan sai mu ɗiga masa nonon uwa a ido, mu ranƙaya masa tozali. Bugu da ƙari, mai ɗauke da ita ya fi saurin kamuwa da cutar ƙanjamau idan ya haɗu da ita.

Akwai wani abin mamaki da na tabbata da yawa daga cikin masu karatu ba su sani ba. Mu mutanen Sakkwato mun daɗe da sanin wannan ƙwaya, sai dai ta wata ƙofar. Ciwon idon nan da ake kira tarakoma, wanda wasu ke cewa amosanin ido, mai sa gashin ido ya lanƙwashe ciki yana goge ƙwayar ido har tsohuwa ta makance, dangi ɗaya ne da kilamidiyar al'aura, reshe ne kawai ya bambanta. Hasali ma a idon aka fara ganin ta, a 1907, lokacin da Halberstaedter da von Prowazek ke bincike a tsibirin Jaba, sannan a 1957 wani masani ɗan ƙasar Sin, Tang Feifan, ya yi nasarar ware ta a ɗakin gwaji. Kada a fahimce ni a karkace: ta ido ba ta da alaƙa da saduwa, ƙudaje ne da hannuwa da tsumman goge fuska ke yaɗa ta. Abin da nake son a lura shi ne, shekara da shekaru ƙungiyar Sightsavers na aiki da gwamnatocin Sakkwato da Kebbi da Zamfara a kan ta ido, an bi ƙauyuka a ƙananan hukumomi da dama ana raba maganin azitromaisin da kamfanin Pfizer ke bayarwa kyauta, hakimai da limamai sun yi shela, an yi wa tsofaffi aikin fatar ido. Maganin nan da aka raba a ƙofar fada shi ne ɗaya daga cikin magunguna biyu da ke kashe ta al'aura. Ashe ba rashin magani ne matsalarmu ba, kuma ba rashin iya shiga ƙauye ba ne. Ido kowa na iya nuna shi a bainar jama'a, shi ke nan bambancin.

Maganin kansa ba wani abu ba ne mai wuya. Doksisayikilin ne, miligiram 100 safe da yamma har kwana 7, ko azitromaisin giram 1 a sha sau ɗaya. Mai juna biyu ba a ba ta na farkon, na biyun ake ba ta. Ana ƙaurace wa shimfiɗa kwana 7, a kuma yi wa abokin zama magani a lokaci guda, sannan a sake gwaji bayan wata uku. Doksisayikilin na cikin magunguna mafi araha da ke kan kantar kowane kemis. Ba na faɗin wannan don wani ya ruga ya saya ya afa, domin wannan ɗabi'ar ce ma ta kai mu inda muke. Mutum zai je kemis ya ce a ba shi na ɗari biyar, a yanko masa kafso huɗu, zafin fitsari ya lafa, ya ɗauka ya warke. Wata kuma Flagyl za a ba ta, ko maganin matsi na ƙaiƙayi, waɗanda ke aiki a kan wasu cututtukan daban amma ba su taɓa kilamidiya. Hatta allurar da ake yi wa mai gonoriya ba ta kashe ta, shi ya sa likitan da ya san aikinsa ke haɗa magani biyu. Magani kuma ƙwayar yake kashewa, ba ya goge tabon da ya riga ya zauna, kamar yadda 'yar kawuna ta gano bayan bakin alƙalami ya bushe.

A asibitocinmu na karkara, tsarin da ake bi shi ne na duba alamu. Idan mara lafiya ya zo da fitar ruwa ko ciwon mara, ma'aikacin lafiya zai bi jadawalin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta tsara ya ba da magungunan da suka dace da wannan alama, ba tare da gwaji ba. Ba na raina tsarin, don an ƙirƙiro shi ne saboda wurare irin namu da ba su da ɗakin gwaji, kuma ya ceci mutane da yawa. Amma gurguncewarsa a fili take. Yana jiran alama ne, ita kuwa wannan cuta ba ta cika kawo alama ba. Wadda ke da ita ba ta zuwa, wadda ta zo da farin ruwa kuma sau da yawa ba ita ke damun ta ba, sai a ɗora mata magungunan da ba ta buƙata.

Yanzu bari in zo inda gizo ke saƙar, wato cikin gida. A gidan da ke da mata biyu ko uku, idan ɗaya ta kamu, a ɗauka kowa ya kamu. A yi wa uwargida magani yau, ranar girkinta ta zagayo ta sake ɗauka daga maigida, shi kuma ya sake ɗauka daga amarya, haka za a yi ta zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. Duk maganin da aka ba mace ita kaɗai a irin wannan gida asarar kuɗi ne. Amma wa zai gaya wa maigida? Matar da ta dawo daga awo ta ce likita ya ce kai ma sai ka sha magani, ta san tana iya kwana a gidan ubanta a daren. Tambayar farko da za ta fito daga bakinsa ita ce, "A ina kika samo?" Kishiya kuma ta sami abin gori na shekara.

Wannan tambaya ta "a ina kika samo" ita ce nake son malamanmu da alƙalanmu da 'yan bokonmu su tsaya su yi wa nazari da kyau, domin jahilci ne ke cikinta. Kilamidiya na iya zama a jikin mutum wata da watanni, har fiye da shekara, bai sani ba. A al'ummar da saki da sake aure suka yi yawa kamar tamu, bazawara na iya shigo da ita daga gidan tsohon mijinta, mijin kuma na iya kawo ta daga matar da ya saka bara, duk a cikin halal, babu wanda ya ƙetare iyaka. Idda tana tabbatar da cewa babu ciki, amma wata uku ba su wanke ƙwayar cuta. Saboda haka takardar gwaji ba shaidar zina ba ce, kuma ba ta nuna wanda ya fara. Addininmu ya tsananta a kan ƙazafi har ya shar'anta shaidu huɗu, amma sai ka ga mutumin da ba zai taɓa yarda ya yi wa maƙwabcinsa ƙazafi ba ya yi wa matarsa a kan wata takarda da bai ma fahimci abin da ke cikinta ba. Ba kuma zan yi munafunci in ce kowa tsarkakakke ne ba. Matasanmu na tafiya cin rani Ikko da Ibadan da Fatakwal su yi wata biyar ko shida, akwai mai tsare kansa, akwai wanda ba ya tsarewa, kuma ita cutar ba ta tambayar asalin mutum. Wanda ya san ya yi tuntuɓe, mafi ƙarancin adalci shi ne ya tsaya a duba shi kafin ya shiga ɗakin matarsa. Kwaroron roba kuma yana kare kamuwa, ko muna son jin maganar ko ba mu so.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, inda ake duba ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Tun auren zawarawan da Hisbah ta fara a 2012 ake gwada masu niyya, kuma yau a garuruwanmu da yawa ba abin kunya ba ne waliyyi ya nemi takardar asibiti. Wannan ci gaba ne da shekara ashirin da suka wuce ba mu yi zato ba. Sai dai duk waɗannan gwaje-gwaje na jini ne, ita kuwa kilamidiya fitsari ake dubawa ko a ɗebo ruwa daga bakin mahaifa. Ango da amarya za su fito da takarda mai hatimi su ɗauka lafiyarsu ƙalau ta kowace fuska, alhali ba a ma nemi cutar da ta fi kusa da hana su haihuwa ba. Ita ce kuma mafi sauƙin lamari, domin ba ta fasa aure, magani ne na mako guda kafin a ɗaura.

Za a ce mini ai ba mu da na'urar gwajin. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Tun 2011 Nijeriya ta fara kafa na'urorin GeneXpert don gwajin tarin fuka, kuma yau suna nan a manyan asibitoci da dama a jihohinmu. Na'urar nan ɗaya, idan aka sa mata nata harsashin gwajin, tana gano kilamidiya da gonoriya tare cikin kamar minti 90. Abin da ya rage shi ne kuɗin harsashin, wanda da dala ake sayen sa, da kuma niyyar waɗanda ke riƙe da baitulmali. Mu daina sa ran wani zai zo daga waje ya saya mana, tun da mun ga yadda gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025 ayyuka da yawa suka tsaya cak.

Ba ina kiran a gwada kowa da kowa ba ne, aljihunmu ba zai ɗauka ba, kuma ba lallai ne hakan ya fi amfani ba. Amurka na ba da shawarar gwada mata 'yan ƙasa da shekara 25 da ke saduwa sau ɗaya a shekara. Ingila ta fara shirinta na ƙasa a 2003 tana gwada samari da 'yan mata, amma a 2021 ta sauya ta mayar da hankali ga mata, saboda ta fahimci can ne cutarwar ta fi tsanani. Idan masu kuɗi sun zaɓi inda za su zuba ƙarfinsu, mu ne za mu ƙi zaɓa? A nawa ganin, wurin farawa shi ne ɗakin awon ciki, inda mace ta riga ta kawo kanta ana ɗibar jininta, kuma gwaji ɗaya zai kare rai biyu. Sai ma'auratan da suka shekara ba labari, a kira su su biyu, a duba maniyyin mijin kamar yadda ake duba mahaifar matar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa, kuma ba ta ce mace ɗaya ba, mutum ta ce. Samfurin fitsari daga Kebbe na iya bin hanyar da samfurin majinar masu tari ke bi zuwa inda na'ura take. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma wakilanmu na mazaɓar Kebbe da Tambuwal, mazaɓar da ta taɓa fitar da Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa idan sun ga dama. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma na da ɗalibai da malaman da za su iya sauka yankinmu su auna yawan masu ɗauke da ita, don a yi kasafi da lissafi. Allurar riga-kafi dai babu ita tukuna, gwajin farko a jikin ɗan Adam a 2019 aka fitar da sakamakonsa, don haka kada a zauna jiran ta.

Amma ko an kawo na'ura an kawo harsashi, maganar gaya wa maigida na nan, kuma bai kamata a ɗora wa mace ita kaɗai ba. Ma'aikacin lafiya namiji ne ya dace ya aika a kira mijin, ya keɓe da shi, ya ce masa an ga wani ciwo da ke zagaya gida kuma kowa zai sha magani a rana ɗaya, ba tare da ya ambaci a jikin wa aka fara gani ba. Masu kemis, waɗanda su ne likitocin yawancin mazanmu ko mun yarda ko ba mu yarda ba, a tara su a koya musu cikakken awon magani da ranar da ya wajaba su tura mutum asibiti. Na taɓa tayar da maganar a gaban wani limami ɗan uwanmu, ya yi shiru can ya ce mini, "Malam, in likita ya rubuto mini da Hausa yadda abin yake, ni zan san yadda zan faɗe shi a wurin ɗaurin aure ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba."

'Yar kawuna ta sake aure a wajen Jega, tana riƙon 'ya'yan mijinta uku. Tsohon mijinta kuwa, labarin da na samu a wancan hutun shi ne an kai kuɗin aurensa na uku, yarinya ce 'yar shekara goma sha takwas.